Zinare Bakwai Na Zaune

Shafi na 38

Ku da kuka hana ni sakat da saƙonni tun jiya, har wata ta ce in bangon nan bai faɗi yau ba ta daina karantawa, to ki gyara zama, yau zai faɗi. Masu zagin Wing-Fat kuma ku ɗan rage masa. Wanda ya tashi ana nuna shi da baki a hanya ba kasafai yake iya magana mai laushi ba.

*

Na'urar neman ƙarfen ba ta ce uffan ba.

Wing-Fat ya goga ta a jikin bangon duwatsun da ya toshe ƙarshen kogon, sama da ƙasa, dama da hagu. Wanda ya sayar masa da ita a birnin Kaulun ya rantse masa ko allura ce a cikin ƙasa sai ta yi kuka. Yau ga ta a Tsibirin Kaguwa, a bakin dukiyar Mai Kunne Ɗaya, kakansu ɗan fashin tekun nan da duk zuriyarsu ta Shek ke tinƙaho da shi, amma ta yi gum kamar an ba ta ajiyar sirri.

Ya sauke ta, ya juyo ya kalli ƙanwarsa.

"Kin ji ko?"

"Ban ji komai ba," in ji Sau-Lan.

"Ai shi nake nufi. Babu ƙarfe a bayan bangon nan. Babu zinare, babu azurfa, ko murfin gwangwani babu. Ubanki ya share wurin tas."

"Ubanmu."

"Naki dai."

Sau-Lan ta mayar da ido kan bangon. Tsoro ne fal cikinta, ba ta da sararin faɗa.

Shekara talatin ke nan da mahaifinsu Shui-Sang ya tsaya a shagon shayin bakin gaɓa ya ce gobe zai leƙa zinaren kakanni a Tsibirin Kaguwa. Ya tafi bai dawo ba. Kafin wata ya mutu ƙauyen Sam Pai ya gama yanke hukunci: ya samu dukiyar dangi, ya haɗiye shi kaɗai, ya tsallake teku ya bar mace da 'ya'ya biyu. Har aka samu mai idon da ya gan shi a Singafo da ƙaton tumbi. Yanzu an gama sabon ɗakin kakanni, kowane mamaci za a ɗora allon sunansa, dattawa sun ce ban da na ɓarawo. In an tarar da dukiyar a inda take, sunansa zai hau. In kuwa fanko ne, Wing-Fat ya rantse da Uwar Teku, abar bautar masunta, da hannunsa zai cire hoton Baba daga bangon ɗakin Mama ya jefa a ruwa.

Ita ba zinaren take so ba. Ko a ce ƙwaya ɗaya ba za ta taɓa ba, ta yarda. So take kawai ta gan shi yana nan.

"Na gaya muku tun a gida," in ji Baffa Hoi, ƙanin mahaifinsu, wanda ya tuƙo su a jirginsa. "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma gaskiya gaskiya ce. Ya kwashe."

Sau-Lan ta haska shi da tocila daga sama zuwa ƙasa. Hasken ya tsaya a hammatarsa.

"Baffa."

"Na'am."

"In ka tabbata ya kwashe, waɗannan buhunan na mene ne?"

Ya kalli buhunan kamar yanzu ya fara ganinsu.

"Na... na kifi ne."

"Kifi a cikin kogo?"

"Ke dai bakinki ya fi wuƙar fawa. Shi ya sa masu sayen busasshen kifi ke kewaye rumfarki."

Daga bayansu aka ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Mama ce. Tana zaune a kan dutse, kwandonta a cinya, tana ɓare lemu hankali kwance. Ita ta dage sai an zo da ita, ita ta warware musu baitin tsohuwar waƙar ƙauyen da ya nuna bakin kogon da ba ya buɗewa sai ruwa ya janye ƙwarai, ita ce kuma ta ƙarshen sauka daga jirgi, ta daɗe tana laluben takalminta wajen inji har Wing-Fat ya fara tsaki.

"Mama, don girman kakanni ki daina cin lemu," in ji shi. "Yawon shan iska muka zo?"

"Ba ni zan ci ba. Fasa bangonka, ruwa ba ya jiran kowa."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki diga.

Bugu na farko, ƙura. Na biyu, dutse ɗaya ya motsa. Bangon ba shi da siminti, jere shi aka yi dutse kan dutse, don haka da na tsakiya ya zame sai sauran suka bi shi da ruri.

Sau-Lan ta runtse ido.

Ba ta buɗe ba. Ta ji ƙura a maƙoshi, ta ji ɗigar ruwa daga rufin kogon, ta ji numfashin Baffa kamar na wanda ya hau tudu. Abin da ba ta ji ba shi ne dariyar yayanta, wadda take jira ta sare ta.

"Yaya?"

Ta ji takunsa yana matsawa gaba.

"Yaya, ka yi magana mana! Fanko ne?"

"Buɗe idonki," in ji shi, muryarsa ta canja.

Ta buɗe.

A kan wani dandamalin dutse, can sama da inda ruwa ke kaiwa, tuluna ne a jere. Manya, ruwan ƙasa, kowane ya kai ƙugun mutum, kowane da murfinsa a liƙe da farar ƙasa. Babu wanda aka fasa, babu wanda aka kifar.

Ta fara ƙirga da yatsa kamar yarinya.

"Ɗaya... biyu... uku..."

A na bakwai ta tsaya. Ta zube kan tsakuwa, tocilar ta gangara gefe. Dariya ta zo, kuka ya zo, ta rasa wanda za ta fara.

"Suna nan! Yaya, suna nan! Bakwai cif!"

"Na gani."

"Bai taɓa ba! Ka ji ni? Bai taɓa ba!"

"Na ce na gani."

"Faɗa da bakinka."

"Sau-Lan..."

"Ka faɗa! Shekara nawa kana cewa ubanki, ubanki? Ranar aurenka ka hana a ambaci sunansa. Ɗanka bai san sunan kakansa ba. Yau ka faɗa!"

Wing-Fat ya share fuska da gefen riga. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan tasi a Kaulun ba ya saurin sauka daga kan magana, ko da ya ga ramin a gabansa.

"Tulu ba zinare ba ne. Wa ya sani ko yashi ya zuba ya mayar da murfi? Me ya hana na'urar kuka?"

"Ƙila ita ma irinka ce, ba ta son faɗin gaskiya."

Ba su ankara ba Baffa Hoi ya riga ya haye dandamalin. Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda sai an kama shi yake hawa matakalar haikali, yau ya yi tsalle ɗaya. Ya zaro wuƙa ya fara kankare farar ƙasar tulun farko.

"Hoi," in ji Mama.

Bai juyo ba.

"Hoi, wanke hannunka tukuna."

"Haba matar Yaya! Zinare ne zai ji ƙarnin kifi?"

"Na dai gaya maka."

Murfin ya ɗago. Ya tura hannu har kafaɗa, ya lalubo, fuskarsa ta washe. Ya zaro abin ya ɗaga shi cikin hasken tocila.

Dogo ne, fari-fari, da jan layi a jikinsa.

Ƙashin hannun mutum ne.

"Wayyo!"

Ya sake shi cikin tulun, ya ja da baya har ya kusa faɗowa, yana goge yatsunsa a wando kamar ya taɓa garwashi.

Wing-Fat ya hau ya haska ciki. Ya daɗe yana kallo. Ya sauko, ya sake hawa, ya buɗe na biyu da kansa, a hankali wannan karon.

"Mene ne?" in ji Sau-Lan.

"Mutum ne."

"Kamar yaya mutum?"

"Ƙafa a ƙasa, gwiwa a naɗe, kai a sama. An jera shi kamar... kamar yana zaune."

Yana zaune.

Kalmar ta shiga kunnen Sau-Lan ta tsaya. Waƙar nan da kowane yaro a Sam Pai ya iya tun kafin ya iya iyo ta dawo mata, ta ji bakinta yana rera ta shi kaɗai:

"Kaguwa ta buɗe baki, ruwa ya ja da baya,
Zinare bakwai na zaune, suna kallon gida."

Ta maimaita. "Na zaune. Suna kallon gida. Yaya, yaushe zinare ya fara zama? Da wane ido yake kallon gida?"

"Me kike nufi?"

"Kakarmu ta wajen Mama. Ka tuna shekarar da aka tono ta aka wanke ƙasusuwanta aka sa a tulu? Me tsofaffi suka ce za a je yi?"

Wing-Fat ya buɗe baki.

"Tsintar zinare."

"Tulun fa, me suke ce masa?"

"Tulun... zinare."



Ku dubi abin nan don girman Uwar Teku. Babu mai furfura a Sam Pai da bai san ƙashin iyaye zinare ake ce masa ba. Sun faɗa da bakinsu, sun ɗauki irin tulunan a kafaɗarsu sun hau tudu da su. Amma da aka haɗa kalmar da sunan ɗan fashi, sai kowa ya ajiye abin da ya sani ya ɗauki abin da yake so. An fasa jirage a duwatsun nan, an yi gaba, an ɓata sunan bawan da bai ci ba bai sha ba, duk a kan kalmar da ke bakin kowa. Kwaɗayi in ya shiga kunne, toshe shi yake yi.

Sau-Lan ce ta fara dariya.

Dariya ta gaske, irin wadda ba ta yi ba tun tana 'yar shekara takwas. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba.

"Singafo! Wai an gan shi a Singafo da tumbi! Da me ya yi tumbin, Baffa? Miyar ƙashi ya sha?"

Baffa Hoi ya ja da baya. Ya jingina da bango, buhunan sun zube a ƙafarsa, yana kallon tulunan kamar sun zage shi.

"Shi ke nan?" in ji shi can ƙasa-ƙasa. "Ƙashi? Duk a kan ƙashi?"

"Iyayenka ne, ka iya bakinka," in ji Mama.

Ta miƙe, ta ɗauki kwandonta, ta zo gaban dandamalin. Ta shimfiɗa kyalle, ta ajiye dafaffiyar kaza, ta jera lemun da ta ɓare.

"Mai Kunne Ɗaya ya tara dukiya, gaskiya ne," in ji ta tana aikinta. "Ya kuma cinye abarsa tun yana raye, ba wawa ba ne. Amma a zamaninsa mu mutanen jirgi ko taku ɗaya na ƙasa mutanen tudu ba sa ba mu. A ruwa ake haifarmu, in mun mutu a rasa inda za a kai mu. Shi ya kwaso uwarsa da ubansa da 'yan'uwansa ya kawo su inda ba mai korarsu. Na ƙarshen nan shi ne da kansa. Babban ɗa ke gaya wa babban ɗa wurin, ya riƙa zuwa yana kunna musu turare. Ubanku abin da yake zuwa yi ke nan."

"Kin sani?" in ji Wing-Fat.

"Kama min tsinken turaren nan, iska na kashe ashana."

"Mama, kin sani, kika bar ni ina..."

"Na ce ka kama."

Ya kama. Ya juya wajen ƙanwarsa, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Bai ɗauki komai ba," in ji shi.

"Wa?"

Ya ɗago kai.

"Baba. Babanmu bai ɗauki komai ba."

Sau-Lan ta sauke numfashin da ta shekara talatin tana riƙe da shi. Ta ji kafaɗunta sun sauko, ta ji har yunwa ta kama ta. Gobe za ta shiga ɗakin kakanni da kanta, ta tsaya gaban dattawan nan masu gemun akuya, ta ce a sassaƙa allo, a kuma rubuta sunan da manyan baƙi yadda mai ciwon ido ma zai karanta.

Amma Wing-Fat bai gama ba. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya dafe kai.

"To in ba dukiya ya bi ba, me ya bi? Gara a ce zinare ya raba mu da shi. Yanzu haka kawai ya gaji da mu ya tafi?"

Sau-Lan ta juya. Ta kalli Mama.

Mama tana fito da ƙananan kofunan shayi daga kwando, tana jerawa ɗaya bayan ɗaya, tana tsiyaya shayi daga fulas. Ta jera bakwai a gaban tuluna bakwai. Ta sake sa hannu a kwando ta fito da wani.

"Mama, kin yi kuskure," in ji Wing-Fat. "Bakwai ne."

"Tun kafin a haife ka nake ƙirga kofi."

Ya yi tsaki, ya miƙe, ya shuri na'urarsa da ke jingine. Ta sulale ta faɗi can lungun dandamalin, kanta ya daki wani faffaɗan dutse da aka jingina da bango.

Sai ta fasa kuka.

Ƙiiiii!

Duk suka zabura. Baffa Hoi ya ɗago kai kamar kare ya ji ƙamshin nama.

"Ƙarfe!" in ji Wing-Fat. "Akwai ƙarfe a nan!"

Ya ture dutsen. A bayansa akwai wani ɗan loko, a cikin lokon akwai tulu. Bai kai sauran tsufa ba. Irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sam Pai ne, har da tambarin maginin tukwane a wuyansa. Shi ma fuskarsa na kallon gida.

Wing-Fat ya kai hannu zai ɓalle murfin.

"Wanke hannunka," in ji Mama.

Wannan karon ba wanda ya yi gardama. Ta tsiyaya masa shayi a tafi, ya wanke. Ta tsiyaya wa Sau-Lan.

"Ku buɗe tare."

Suka ɗaga murfin.

Abin da Sau-Lan ta fara gani zane ne. Jan zanen goyo, an yi masa ɗinkin kifi biyu a tsakiya, ɗaya wutsiyarsa ta karkace. Ta san wutsiyar nan. Da shi aka goye Wing-Fat, da shi aka goye ta. Lokacin da ta haifi 'yarta ta tambaya, Mama ta ce iska ta ɗauke shi daga kan igiya.

"Mama..."

"Kwance."

Sau-Lan ta kwance ƙullin. Zanen ya buɗe.

Ƙoƙon kai ne, an wanke shi fes. Hasken tocila ya sauka a kansa, wani abu ya yi walƙiya a gefen baki.

Haƙorin zinare guda ɗaya, na sama, ɓangaren hagu.

Da shi yake fasa mata ƙafar kaguwa ya ciro naman ya sa mata a baki. In ya yi dariya shi ake fara gani. Yakan ce mata duk dukiyarsa ke nan a duniya, in ta yi ƙiriniya ba zai bar mata gadonsa ba.

Zinaren da ke cikin kogon gaba ɗaya ke nan.

"Baba," in ji ta.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauka in ranar nan ta zo za ta faɗi ta suma, sai ga shi abin da ta ji sanyi ne yana ratsa ƙirjinta. Ciwo yana nan, amma ciwon wanda aka cire wa ƙaya ne. Duk daren da ta kwanta tana tambayar kanta me ta yi masa, ko don ta fasa masa kwanon shayi ne a ranar, ko yana can da wasu 'ya'yan yana fasa musu kaguwa, duk sun tashi a banza. Yana nan. Daga ƙofar rumfarta ana hango tsibirin nan in gari ya yi haske. Shekara da shekaru tana shanya kifi tana juya masa baya, shi kuwa yana zaune yana kallonta.

"Bai tafi ba, Yaya," in ji ta. "Ba inda ya je."

Wing-Fat ya durƙusa. Ƙato da shi, goshinsa ya daki tsakuwa, ya ɗago, ya sake bugawa, ya sake.

"Baba, ni ne. Wing-Fat ne. Ni ne mara kunyar nan. Na ce ba ni da uba. Na faɗa a gaban mutane. Baba, ka mare ni, ka yi min duk abin da ka ga dama..."

"Ya isa, kar ka fasa kan," in ji Mama. "Abin cikinsa ba shi da yawa dama."

Sau-Lan ta yi dariya cikin kuka. Shi ma sai da ya yi, majina na zuba.

Mama ta ɗauki kofi na takwas da hannu biyu, ta ajiye a gaban tulun. Ta gyara bakin zanen kamar mai gyara wa miji kwalar riga.

"Shui-Sang, ga su na kawo maka," in ji ta. "Na ce maka sai sun girma. Ka ga namijin, taurin kanka ya ɗauko, ba abin da ya rage. Macen kuma bakina. Shayin ya ɗan huce, ka yi haƙuri, hanyar da nisa."

Suka zauna su uku a gaban tulun, hayaƙin turare na tashi. Sau-Lan ta ɓalli lemu ta ajiye wa Baba, ta ba yayanta, ta ci saura. Tun da take ba ta taɓa shan lemu mai zaƙin wannan ba.

Can Wing-Fat ya share ido ya ce, "Ke kika sa shi a nan?"

"Wa zai sa shi? Da kwale-kwalena na bi sahunsa. A bakin dutsen can na same shi, na rufe shi da yashi. Da lokaci ya yi na dawo na tsince shi, na wanke shi gaɓa-gaɓa, na zaunar da shi kusa da iyayensa. Bangon da ka fasa ma ni na mayar da shi."

"Kika kuma yi shiru? Ana kiranmu 'ya'yan ɓarawo kina ji?"

"Ɗan ɓarawo yana girma. Ɗan matar da ta faɗi abin da ta gani, ban tabbata zai girma ba."

Sau-Lan ta daina tauna.

"Me kika gani, Mama? Ba ruwa ne ya ci shi ba?"

Mama ta matso kusa da tulun. Ta sa hannu biyu ta juya ƙoƙon kan a hankali, ƙeyar ta fuskanci haske.

A bayan kunne akwai wani rami, zagayayye, gefensa a tsattsage. Duk wanda ya tashi a jirgi ya san bakin ƙugiyar jan jirgi in ya gan shi.

"Ranar ba shi kaɗai ya fita ba," in ji Mama. "Wani ya ji maganar zinare a shagon shayi, ya ce sai dai a tafi da shi. Ubanku ya gaya masa gaskiya, ya ɗauka rowa ce. Su biyu suka fita da asuba. Ɗaya ya dawo, ya riga kowa cewa Singafo."

Ta ɗaga murya ba tare da ta juya ba.

"Hoi, zo ka zuba wa yayanka shayi."



Sau-Lan ta waiwaya da tocila. Bango, tsakuwa, buhuna a zube. Baffa Hoi ba ya nan.

Daga waje suka ji ƙarar inji.

Wing-Fat ya zabura. "Jirgin! Zai bar mu, ga ruwa ya fara dawowa!"

Gaskiya ne, bakin kogon da suka shigo a bushe yanzu ruwa na lasar duwatsunsa.

"Zauna," in ji Mama.

"Mama, in kogon nan ya rufe..."

"Na ce ka zauna. Ba a tashi a bar uba da shayi a gaba."

Injin ya yi tari. Ya sake yi. Ya yi wani gurnani kamar tsohon da ƙashin kifi ya maƙale wa, ya mutu.

Mama ta sa hannu a ƙasan kwando, ƙarƙashin ɓawon lemu, ta zaro wani guntun baƙin tiyon injin jirgi yana ɗigar mai. Ta ajiye shi kusa da kofi na takwas.

"Kuna tsammanin takalmi nake nema ɗazu?"

Wing-Fat ya kalli tiyon, ya kalli uwarsa, ya koma ya zauna.

Suka kasa kunne. Sai motsin ruwa.

Sannan suka ji taku a kan tsakuwa, a hankali, yana matsowa. Tare da takun akwai wata ƙara, ta ƙarfe ana jan sa a kan dutse.

Hasken bakin kogon ya dushe. Mutum ne tsaye a wurin, da doguwar ƙugiyar jan jirgi a hannunsa.

Mama ta ɗauki fulas ta miƙa masa.

"Ajiye wannan, Hoi," in ji ta. "Yayanka ya riga ya san ta."